Garuruwan da Babban Titi ya Kewaye

Daga birnin Oklahoma har cikin jihar Arizona, hanyoyi biyu ne suke tafiya gefe da gefe, wani wuri su haɗe, wani wuri su rabu. Ɗaya ita ce babban titi mai lamba 40, shimfiɗaɗɗe, ba danja ba kwana, tireloli na zuba gudu a kansa dare da rana. Ɗayar kuwa tsohuwa ce siririya, Hanya ta 66, wadda aka buɗe a 1926 daga Shikago zuwa Kalifoniya, tsawonta mil 2,400 da 'yan kai, ta ratsa jihohi takwas na Amurka. Babban titin kewaye gari yake yi. Tsohuwar kuwa ta tsakiyar kowane gari take bi, ta ƙofar gidan mai da shagon aski da gidan abinci.

Tsohuwar muka ɗauka, ni da maigidana da yaranmu da surukata Hajiya, wadda ta zo mana ziyara. Gwiwarta ba ta son dogon zama a mota, wannan dalili ɗaya ke nan. Babban dalilin kuwa shi ne Hajiya mace ce da ta tsufa a kan saye da sayarwa, kuma ta faɗa mana ƙarara cewa ta gaji da shiga manyan kantunan da za ka cika kwando ka fita ba ka ga fuskar mai kayan ba. "In za ku fita da ni," in ji ta, "ku kai ni inda mai shago yake zaune a shagonsa."

Daga birnin Tulsa na jihar Oklahoma muka tashi da sassafe. Zangonmu na farko garin Stroud, a wani gidan abinci mai suna Rock Café, wanda aka gina da duwatsu a 1939. Gobara ta cinye shi a 2008, amma bangon dutsen ya tsaya, aka sake rufa shi aka ci gaba da girki. A nan muka fara koyon tsarin irin waɗannan gidaje, domin kusan duk ɗabi'arsu ɗaya ce. Kana zama za a ajiye maka ruwan ƙanƙara ba ka tambaya ba. Kofi kuwa kuɗin kofi ɗaya za ka biya, amma mai kawo abinci tana zagayawa da buta tana ƙara maka har sai ka rufe bakin kofin da hannu. Farashin da ke jikin takarda ba shi ne abin da za ka biya ba, sai an ɗora harajin ciniki a wurin biya, sannan ka bar tukwici, wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, domin a yawancin jihohin nan albashin masu kawo abinci ɗan kaɗan ne, tukwicin shi ne rayuwarsu. Da babbar 'yarmu ta fassara wa Hajiya wannan, sai ta ce da ɗanta, "To kada ka kuskura ka tauye musu. Yarinyar nan tun shigowarmu ba ta zauna ba."

Mu a hanya ƙwai da kifi da fanke da dankali da kayan lambu ne abincinmu, kuma ko su ɗin sai mun yi tambaya. Abin da matafiyi Musulmi zai lura da shi a ƙananan gidajen abincin nan shi ne faifan ƙarfen suya guda ɗaya ne, a kansa ake soya naman alade da safe, a kansa ake fasa ƙwai. Kitsen alade kuma yana ɓuya a wuraren da ba ka zata ba: cikin dafaffen wake, cikin ɓawon fulawar da suke gasa kayan zaƙi da shi. A manyan gidajen abinci masu rassa, in ka tambayi yaron da ke kanta sai ya ɗaga kafaɗa, domin daga wani gari aka aiko da abincin a ƙunshe. A ƙaramin gida kuwa wadda ta kwaɓa fulawar tana bayan ƙofa. Sau da yawa ita da kanta take fitowa tana goge hannu, ta ce wannan da man shanu ta yi shi, wancan kuma ku bar shi. Wasu suka ɗauko kasko daban suka soya mana ƙwai ba tare da sun ƙara ko sisi ba. Ni a wurina wannan kaɗai ya isa dalilin sauka daga babban titi.

Gaba kaɗan, kusa da garin Luther, maigidana ya tsayar da mota a gaban wani ɗan ginin dutse da ba a ciniki a cikinsa yanzu. Gidan man iyalin Threatt ne, baƙar fata, da aka gina wajen 1915. Ya ce yara su sauko, ya kuma ɗauki lokaci yana yi musu bayani, ni ma na tsaya ina ji kamar yau na fara sani. A zamanin da hanyar nan take tashe, baƙar fata ba shi da tabbacin za a sayar masa da mai, ko a ba shi ɗaki, ko a bar shi ya zauna ya ci abinci. Akwai garuruwan da dokarsu, a rubuce ko a baki, ita ce kada rana ta faɗi baƙar fata yana cikinsu. Iyali irin namu sai su ɗauko abinci da bargo da galan ɗin mai tun daga gida, su yi ta tafiya ba tsayawa har su iske wuri irin wannan. Abin ya kai har wani ma'aikacin gidan waya a New York, Victor Hugo Green, ya fara buga jagorar matafiya a 1936, yana jera wuraren da za su karɓi baƙar fata, aka yi ta buga ta shekara-shekara. Sai a 1964 dokar kare haƙƙin jama'a ta haramta wariya a otal-otal da gidajen abinci.

Autanmu ya ce, "Abba, ke nan da a lokacin ne, gidan da muka ci ƙwai ɗazu za su iya korarmu?"

"Ba lallai wannan gidan ba," in ji babansa, "amma da yawa za su kora, kuma ba wanda zai kama su."

Ina jin mutane suna yabon wancan zamani, suna cewa lokacin ne hanya take hanya. Ba na musun kyan gine-ginen da motocin. Amma duk wanda ya sayar mini da hoton shekarun 1950 bai gaya mini su wa aka hana shiga ba, rabin labari ya ba ni. Tun daga Luther, duk ƙofar da muka tura aka ce mana sannu da zuwa, na daina ɗaukar abin da wasa.

Arcadia muka tsaya ganin wani jan sito mai siffar da'ira da aka gina a 1898, wanda rufinsa ya rufta a 1988, dattawan yankin masu ritaya suka haɗu suka tashe shi da hannunsu. Yara kuwa hankalinsu na kan shagon lemon kwalba da ke kusa, mai ɗaruruwan iri, da ƙatuwar kwalba tsaye a bakin titi. A El Reno ƙamshin albasa ne ya tare mu tun daga waje. Garin ya yi suna da niƙaƙƙen nama da ake dannawa a faifan ƙarfe tare da tulin yankakkiyar albasa, a sa cikin burodi. Dabarar talauci ce tun shekarun 1920: nama da tsada, albasa da araha, sai aka ƙara auki da ita. Yau ita ce abin alfaharin garin, har biki suke yi mata duk watan Mayu. Mu burodi da cuku da soyayyiyar albasa aka yi mana, Hajiya kuma ta zauna a kujerar kanta tana kallon hannun mai suyar, tana gyaɗa kai.

A nan na fara gane cewa shaguna iri biyu ne a hanyar nan, kuma Hajiya ce ta buɗe mini ido. Akwai na baƙi: riguna da kofuna da maƙallan mabuɗi, duk da tambarin 66. Kaya ɗaya ne daga Oklahoma har Arizona, in ka juya ƙasan kofin za ka ga a wata ƙasa aka ƙera shi. Akwai kuma na 'yan gari, waɗanda ba su da ado a waje: kantin kayan gini da na gona, shagon yadi da zare, kantin magani mai ɗan wurin shan sanyi a gefe, shagon tsofaffin kaya. Hajiya ba ta ɓata minti biyar a na farko. A na biyu sai mun roƙe ta take fitowa.

A wani ƙaramin gari a yammacin Oklahoma muka shiga kantin kayan gona don autanmu ya matsu da banɗaki. Ƙasan katako ne mai ƙara, ƙusoshi a buɗaɗɗun akwatuna ana auna su a sikeli, igiyoyi a naɗe, takalman aiki, irin shuka, gishirin lasar shanu. Mai kantin dattijo ne, ya ce kakansa ya fara. Hajiya ta sa babbar 'yarmu ta tambaye shi yadda yake yi da manyan kantunan da suka fi shi araha. Ya ce bai iya karya farashi kamar su ba. Abin da yake da shi shi ne in famfon manomi ya lalace da daddare, manomin ya san lambarsa, zai zo ya buɗe. Kuma yana sayar da ƙusa ɗaya in ɗaya kake so. Hajiya ta nuna wani littafi mai kauri kusa da akwatin kuɗi ta ce, "Tambaye shi, wancan na bashi ne?" Dattijon ya yi dariya ya ce shi ne, wasu sai bayan girbin alkama suke biya. Suka tsaya suna kallon juna su biyu, ba wanda yake jin harshen wani. Ta sayi wuƙar kicin da dutsen wasa ta, ta ƙi yarda ɗanta ya biya, ta kwance dalolinta ta ƙirga masa da hannunta.

Teksas fili ne fetal, iska ba ta hutawa, injinan iska masu ba da lantarki jere har iya ganinka. A Shamrock akwai wani gidan mai da gidan abinci mai hasumiya, na 1936, da gari ya gyara ya mai da shi wurin karɓar baƙi. A McLean gidan tarihi guda aka ware wa waya mai ƙaya, wadda ita ce ta yanka filayen kiwon nan gona-gona. Amma ba zan ɓoye ba, tsakanin waɗannan wurare abin da ka fi gani shi ne shaguna a rufe, gilashi ya yi ƙura, ciyawa ta fasa simintin gidajen mai. Sanadin ba ɓoyayye ba ne. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan titunan tarayya, aka yi ta gina su guntu-guntu, duk garin da aka kewaye sai cinikinsa ya ɗauke. A 1985 aka soke lambar 66 daga jerin hanyoyin ƙasa gaba ɗaya.

Adrian shi ne tsakiyar hanya, allo ya nuna mil 1,139 zuwa kowane ƙarshe. Mutanen garin ba su kai 200 ba, amma akwai gidan abincin da ya yi suna da gashin fulawa mai zaƙi, muka ci mai kwakwa da mai cakulan bayan mun yi tambayarmu. Wanda zai bi hanyar nan ya riƙe wannan: gidajen abincin ƙananan garuruwa da yawa ƙarfe biyu ko uku na rana suke rufewa, wasu ba sa buɗewa Lahadi ko Litinin, wasu kuma duk lokacin sanyi a kulle suke. Abincin rana shi ne abin dogaro, na dare sai a gari mai ɗan girma.

A kan iyakar Teksas da Niyu Meksiko akwai Glenrio, wanda kusan kango ne yanzu. Da can gari ɗaya ne mai dokoki biyu: gidajen mai suna ɓangaren Teksas saboda harajin mai ya fi sauƙi a can, mashaya kuma a ɗaya ɓangaren saboda gundumar Teksas ɗin ta hana sayar da giya. A nan kuma agogo yake komawa baya da awa ɗaya. Muka shimfiɗa darduma a inuwar wani tsohon gini muka yi azahar, ba motar da ta wuce har muka idar. Tucumcari muka kwana, garin da a da allunansa suke tallar ɗakunan kwana 2,000. Da magariba fitilun launi na tsofaffin masaukai suka kama, yara suka ƙi shiga ɗaki.

Niyu Meksiko ƙasar barkono ce. Duk abin da ka yi oda sai an tambaye ka ja kake so ko kore, kuma wannan tambaya har majalisar jihar ta amince da ita a matsayin tambayar jiha. Koren gasa shi ake yi a ɓare fatar, yana da ƙamshin hayaƙi. Jan kuwa busasshe ne da aka niƙa aka yi miya da shi. Hajiya, wadda tun Oklahoma take cewa abincin mutanen nan salam yake, a nan ta gyara zama. Bayan abinci sai a kawo wata soyayyiyar fulawa mai kumburi, ka fasa ta ka zuba zuma a ciki, ta kashe zafin.

Gallup ne ya fi riƙe mu. Gari ne na kasuwanci ga mutanen Nabaho da Zuni, ƙabilu biyu na 'yan asalin ƙasar Amurka, kuma titinsa cike yake da shagunan azurfa da wani dutse mai launi tsakanin shuɗi da kore, da darduman ulu saƙar hannu. Wasu tsofaffin shagunan suna karɓar jingina: iyali su ajiye sarƙar azurfa ko sirdi su karɓi kuɗi, in hali ya samu su fansa. Akwai 'yan kasuwa Larabawa a garin, har da masallaci, inda maigidana da autanmu suka sami jam'i. Matsalar kasuwar ita ce jabu, ana shigo da kwaikwayon kayan daga ƙasashen waje a sayar da sunan aikin ƙabilun. Tun 1990 akwai dokar tarayya da ta haramta hakan, amma mai saye shi ma sai ya buɗe ido: ya tambayi sunan maƙerin da ƙabilarsa, ya duba tambarinsa a bayan kayan, ya nemi a rubuta masa a rasit.

Ranar Asabar muka je kasuwar fili, inda masu aikin da kansu suke baje kaya a bayan motocinsu. Hajiya ta tsaya wurin wata tsohuwa mai 'yan kunne da zobba, ta ɗaga ɗaya ta auna nauyinsa a tafin hannu, ta juya bayansa. Ta taya sau ɗaya, tsohuwar ta rage kaɗan, sai ta biya. A mota na ce, "Hajiya, yau ba ku ja ciniki ba." Ta ce, "'Yar nan, ba ki ga yatsunta ba? Duk ƙuna ce. Ita ta yi shi." A kasuwar aka soya mana faffaɗan burodin da Nabaho suka shahara da shi, a man gyaɗa ko wani man tsiro kamar yadda mai suyar ta tabbatar mana. Ana danganta asalinsa da 1864, lokacin da sojojin Amurka suka kore su daga ƙasarsu a ƙafa zuwa wani sansani da ake kira Bosque Redondo, aka riƙa ba su fulawa da gishiri da kitse a madadin amfanin gonarsu.

Arizona muka wuce Holbrook da Winslow da Flagstaff ba dogon zama, muka sha shayi a Williams, garin ƙarshe da babban titi ya kewaye, a Oktoban 1984. Seligman nake son gani. An buɗe babban titi a gefensa ranar 22 ga Satumba, 1978, kuma a yini ɗaya motocin da suke ciyar da garin suka ɗauke. Wani mai aski ɗan garin, Angel Delgadillo, haifaffen 1927, ya ƙi tashi. A 1987 ya tara mutane suka kafa ƙungiya, suka matsa wa jihar har ta ayyana wannan yanki hanyar tarihi ta kafa alluna. Sauran jihohi suka bi sahu. Shagon askinsa yana nan, ya zama shagon tsaraba, kusa da shi kuma ga wurin sayar da abinci da ɗan'uwansa Juan ya gina da ragowar katako a 1953.

Yau manyan bas-bas ne suke sauke baƙi daga Turai da Asiya, su yi hoto, su sayi riga, su koma mota. A kan wannan muka yi saɓani da maigidana muna shan askirim a bakin titi. Shi yana ganin garin ya zama wurin kallo kawai, kayan da ake sayarwa ma ba nan aka yi su ba. Ni kuwa na ce masa ai mun ga Glenrio. A nan aƙalla akwai yarinyar da ta tashi da safe tana da aikin zuwa, akwai makaranta, akwai wanda yake share ƙofar shago. Muka juya ga Hajiya ta raba mu. Ta ce ita ba ta gama dubawa ba, a nemo mata inda mutanen garin suke sayen burodi da sabulu tukuna. Ta miƙa wa autanmu hannu ta ce, "Angona, tashe ni."

Muka sami wani ɗan kantin kayan masarufi a kan titin, ta zagaya shi layi-layi tana duba abin da ke kan kantoci, madara da gwangwanaye da abincin karnuka da man inji, ta sa aka tambayar mata sau nawa motar kaya take zuwa a mako. Muka sayi ruwa da ayaba da burodi, maigidana ya cika tanki domin gidajen mai nesa-nesa suke daga nan, muka kama tsohuwar hanya ta Peach Springs da Hackberry zuwa Kingman.